Layukan da ba su fito a fotokofi ba

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Admin don Allah a sakaya sunana. Shawara nike nema, don wallahi na gaji, kwana goma sha ɗaya ke nan ko abinci sai dai in tura.

Ni mace ce, nan Sakkwato nike, na yi digiri na biyu a fannin kwamfuta. Abin da na karanta ko a gida cewa ake zane-zane ne. Injin da ke aiki da kansa, kafin a haɗa shi mu ke zana halayensa, kowane hali da'ira guda, kibiya ta nuna daga wanne zai koma wanne. In injuna biyu za su yi aiki tare, sai mu ja layi tsakanin zanensu, ma'ana wanga ba ya motsi sai wancan ya ba shi izini. Layin jiran nan shi ne ran aikin, shekara biyu na kwashe a kansa.

Kawuna yana da gidan ruwan leda a Mabera. Ya so famfon tura ruwa da bawul, wato makullin bututun tanki, su riƙa aiki ba sai mutum ya tsaya kansu ba. Abokansa sunka ce a ɗauko mutum daga Kaduna, ya ce shi yana da injiniya a gida, ɗiyar ƙanwarsa. Na ji daɗin maganar nan ba kaɗan ba. Dokar kuma ba ta da wuya: famfo ba ya tashi sai bawul ya buɗe, bawul ba ya rufewa sai famfo ya tsaya. Na zana, na gwada a kwamfuta ta kowace hanya, babu inda sunka ci karo. Layukan jira na sa musu shuɗi mai haske don kada su cakuɗe da baƙaƙen kibiyoyi, haka munka saba tun makaranta, tunda mu a fuskar kwamfuta muke kallo.

Wanda zai haɗa aikin shi ne Malam Bello, mai gyaran wutar Kawu, shekara goma sha uku suna tare. Ya ce shi a ba shi a takarda. Na fitar da mai launi, ta yi kyau har na ji ba ni iya rabuwa da ita, sai na tsaya wani shago a Gidan Igwai anka yi mini fotokofi, anka sa a ambulan. Rana na dukana, mai keke na jirana, ban ko buɗe ba na kai mishi. Sau biyu ya kira ni in zo mu duba tare, na ce mishi komai na cikin takarda, ai zanen shi ke magana. Haka na faɗa, da bakina.

Ranar gwaji famfo ya tashi bawul na rufe. Bututu ya fashe, famfo ya ƙone, aiki ya tsaya. Kawu ya wanke Malam Bello tas gaban ma'aikata, ya ce tsufa ya kama shi, zanen da yarinya ta yi ma ya kasa bi, ya ce ya tattara kayansa ya bar wurin. Ina tsaye wurin ina kallo, har ga Allah a lokacin na ɗauka laifinsa ne.

Bayan kwana uku sai ga Malam Bello gidanmu a Ƙofar Rini bayan la'asar, dattijo sa'ar babana, ya tsaya zaure ya fiddo takardar a ninke daga aljihu. Ya ce, "Injiniya, ki yafe mini, na ba ki kunya gaban Alhaji. Ba roƙon a maida ni na zo ba. Ki nuna mini inda na kauce, kada in je in yi ma wani."

Na buɗe. Jama'a, babu layin jira ko ɗaya. Injin fotokofi bai ɗauki shuɗin ba. Zane biyu ne kusa da juna, kowa harkar gabansa, ba abin da ya haɗa su. Mutumin nan abin da na ba shi ya haɗa, bai ƙara ba bai rage ba. Kun san mi na ce? Cewa na yi ya bar mini takardar in yi nazari. Ya yi godiya ya tahi.

Mama kaɗai na faɗa ma. Ta ce in yi shiru, Kawu ba ya yafe ma wanda ya sa shi ya ci mutuncin wani a banza, kuma duk dangi za su ji, gara a samo ma Malam Bello wani aiki a ɓoye. To wane aiki? Magana ta zaga Mabera cewa ya ƙona famfon Alhaji, masu kiransa gyara sun ɗauke ƙafa. Kawu kuwa ya sayo sabon famfo, ya ce in kawo zanen a ba wani, har yana ce ma mutane aikin ɗiyarsa ba ya da matsala. Na san in na faɗi gaskiya ba a sake ba ni ko ƙwan fitila in sa, kuma waɗanda sunka ce a ɗauko na Kaduna sun samu abin faɗi. Na yi istigfari har na gaji, zuciyata ba ta kwanta ba.

Takardar tana cikin jakata, ita kaɗai ce shaidar Malam Bello, kuma shi da hannunsa ya ba ni. In kai ma Kawu ita? In fara zuwa wurin Malam Bello? Ko in bi ta Mama? Ɗazu ma Malam Bello ya sake kira, ya gaishe ni, ya ce yana fata bai takura mini ba, ko na gano inda ya yi kuskuren. Na ce mishi ina kan dubawa. Don Allah ku faɗa mini abin da zan ce mishi in ya kira gobe.