Ƙaton Inji da Ɗan Bawul

Laraba da dare, unguwar Cheras

Yau na ja wa Yaya Nura kunya gaban farfesansa, kuma har yanzu raina a ɓace yake.

Cewa ya yi in buga masa aikinsa a kwamfuta, inda ya raba kayan tashar nukiliya aji-aji bisa tsaro. Ni da na cinye littattafansa biyu ba malami, sai na ga ya jefa ƙaton injin da ke ba da wuta can ajin ƙasa, wani ɗan bawul, mabuɗin bututun ruwan sanyaya, kuma yana aji na ɗaya. Na ce gajiya ce, na musanya su ban faɗa masa ba.

Da ya dawo ko sallama bai yi ba.

"Wa ya aike ka, Sadiƙu?"

"Haba Yaya, injin da ya fi falon nan girma?"

"Ba girma ake dubawa ba! Tambaya ɗaya ce: in abu ya lalace, me zai faru? Inji ya tsaya, wuta ce ta ɗauke. Bawul ya ƙi buɗewa, tukunyar nukiliyar na iya narkewa."

Na ce to ai sai littafin ya faɗa a shafin farko. Bakina dai!

Bayan isha'i na ji shi a waya da Hajiyarmu, wai ko in koma Kano. Tun ɗazu nake juya tambayar tasa: in aka cire ni daga gidan nan, me zai tsaya?

Abu ɗaya kawai na samo: kai 'yarsa Amira makaranta. Gobe kafin ya farka mun kama jirgin ƙasa zuwa makarantar.