Mai Shanye Mana Ruwa

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ƙafar kuma ta yi sauƙi. Mu ma lafiya lau, sai dai jikokinki sun zama masu laifi.

Kin san watannin nan tankin da ke kan benenmu ba ya kai azahar. A cika shi da safe, kafin rana ta take famfo ya fara tari. Jiya aka yi taron 'yan haya a gindin matakala, sai Farfesa ya miƙe. Ba farfesa ba ne, Inna. Tsohon ma'aikacin ofishin tsare-tsare ne da ke hawa na uku, yara suka laƙaba masa sunan, shi kuma bai taɓa gyara musu ba. Ya bayyana mana cewa mutane ninkuwa suke yi, ruwa da abinci kuwa rarrafe. Yau famfo ne, gobe buhun hatsi, jibi yunwa ta share duniya. Ashe duk wannan bala'in daga ƙofata zai fara. Bai kama sunana ba, mutumin kirki ne. Ya dai ce akwai gidan da aka ba mutum biyar haya, yanzu bataliya ce a ciki, sannan ya tsura wa takalman da ke bakin ƙofata ido.

Na so in tuna masa cewa huɗu daga cikin yaran marayun Yaya ne, amma ya sani. Ya zo ta'aziyya, har ya nemi ƙarin shayi.

Mai ginin ya ba ni zuwa ƙarshen wata: ko in rage yara, ko mu kwashe kaya. In rage, Inna, kamar tsawon siket a wajen tela. Baban yara yana can wurin aiki, a waya ba abin da yake iya aiko mini sai haƙuri. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne babbar 'yar Yaya. Ta ji komai ta taga. Yau da safe na tarar ta hana ƙannenta wanka, tana raba musu ruwan sha rabin kofi, wai kada a kore mu saboda su.

To ga roƙona. A ɗakin gwajin da nake aiki, in ana zargin abu, cire shi ake yi a ga ko matsalar za ta tafi. An yi hutun makaranta. Ki karɓi yaran bakwai, nawa uku da na Yaya huɗu, gaba ɗaya na ɗan lokaci. Ki ɓoye kwanukanki masu fashewa.

Ki gaida mutanen gida.

'Yarki,
Uwar Bataliya

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya ƙafa, yaya kuma kunnuwa? Na ji an riga an fasa madubi. Allah ya ba ki lada.

Ga sakamako. Bataliya ta tafi, ni kaɗai ce a gida, bokiti ɗaya ke isata, kuma ruwa ya ƙare kafin azahar kamar kullum. Na tsaya a matakala ina jiran wanda zai ji kunya. Ba a samu ba. Farfesa ya ce ɓarnar yawan jama'a ba ta warkewa dare ɗaya, sai a hankali. Ban san tanki yana jinya ba. Yanzu ma ya fara kallon cikin ma'aikaciyar jinyar da ke hawan ƙasa, baiwar Allah har ta koma sa manyan riguna.

Mai ginin bai janye maganarsa ba. Ya ce shi bai yi boko mai zurfi ba, amma mai littattafai da yawa haka ba zai yi ƙarya ba.

Zan gaya miki gaskiya, shirun gidan nan ya ishe ni. Jiya na dafa abinci a babbar tukunya kafin in tuna. Kada ki gaya musu, kansu zai kumbura.

'Yarki

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ki a zaune, domin in kina tsaye za ki taka rawa, likita kuma ya hana.

Safiyar Asabar ina kicin, ba mai kuka, ba mai neman ɗayan takalminsa, sai na ji wani siririn sauti a cikin bango. Na kara kunne. Ruwa ne ke gudu a bututu, ba tsayawa, daga gidan da ke samana. Ashe ya daɗe yana yi, hayaniyar yara ce ta rufe shi. Wannan laifin kam na yarda nasu ne.

Gidan da ke samana kuwa ba kowa a ciki. Farfesa gida biyu ya kama a hawansu: ɗaya yana kwana, ɗaya ya kulle littattafansa. Na je na taho da mai ginin, na sa shi ya manna kunnensa a bangona, kusa da inda nake rataye ludayi. Muka hau. Farfesa ya ce littafi ba ya shan ruwa. Na ce ai shi ya sa ba abin tsoro a buɗewa. Maƙwabta suka cika matakala, mai cikin nan a sahun gaba.

Aka buɗe. Ƙura, littattafai har rufi, rabinsu a kan yadda masu haihuwa za su cinye duniya. A banɗaki kuma robar ɗan tankin masai ta ruɓe, ruwa yana zuba kai tsaye yana wucewa abinsa. Mai gyaran famfo ya ce ya yi watanni a haka. Gidan da ya fi kowane shan ruwa a benen nan, Inna, ko mutum ɗaya babu a cikinsa.

Ban yi guɗa ba, kin yi mini tarbiyya. Na dai tambayi Farfesa cikin ladabi ko za a rage littattafan ne, ko za su kwashe kaya. Mai cikin ta yi dariya har sai da aka kawo mata kujera.

Ni ban ce ruwan duniya ba ya ƙarewa ba. Na ce kafin a ƙirga kawunan 'ya'yan mutane, a leƙa ɗakunan da aka kulle.

An sauya robar. Jiya tanki ya kai magariba, ya kwana, yau da safe ya yi ambaliya a kan shanyar Farfesa. Mai ginin ya zo da kansa yana sosa ƙeya, ya ce maganar ƙarshen wata ai wasa yake yi. Na ce na gane, mun yi dariya sosai.

Ki turo mini su duka a motar farko, da hayaniyarsu. Zan jera takalmansu a bakin ƙofa inda kowa zai gani. Babbar 'yar Yaya kuma ki ce mata na cika mata babban bokiti har baki, kuma in ta rage ko kofi ɗaya, ni da ita ne.

Ki huta lafiya, kin cancanci hutun.

'Yarki mai ƙaunarki,
Uwar Bataliya