Sandar Auna Rijiya

Assalamu alaikum Yaya Kulu,

Ina gaishe ki da Inna da yara. Ya Bodinga, ya ban ruwan albasa? Ni lafiya lau nake a Fatakwal, in ban da ciwon kan ɗalibai.

Kin san ina koya wa masu karatun injiniya yadda na'ura ke auna ruwan tanki, ta kashe famfo da kanta. Ran Talata na zare wayarta da gangan, in ga wa zai lura. Yaya, su talatin da biyu, kowa ya kawo mani awo daidai! Rahoton 'yan bara suka kwafe. Su ne fa gobe za a damƙa wa matatar mai da rayukan mutane. Da na ce kowa ya sake, shugaban sashe ya ce ni baƙo ne, in bi a hankali in ina son aikina. Kada Inna ta ji, ce mata har ƙiba na yi.

In Ja'afar direba zai taho da albasa, ba shi sandar da Baba ke auna rijiyar lambu da ita. Da ita ɗaliban za su fara. Ita dai ba ta magana sai an tsoma ta a ruwa.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanenki,
Maniru