Minti Huɗu a Panchagarh

Naogaon, 10 ga Yuli, 2009

Zuwa ga yayata Dilruba,

Assalamu alaikum, Apa. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ciwon gwiwa, yaya damina a Khulna? Mu nan ruwa ya ƙi ɗauke ƙafa.

Kin ji labarin husufin rana na ranar Laraba, ashirin da biyu ga wata? A nan garin ɗan baki zai rage, amma a Panchagarh rana za ta rufe ruf, kusan minti huɗu, da safe. An ce ƙasarmu ba za ta sake ganin irinsa ba sai bayan shekara ɗari da wani abu. Shekara ashirin da uku ina koya wa 'yan mata wannan abu a aji, idona bai taɓa gani ba. Tun da na karanta a jarida, sau biyu ina ƙona shinkafa.

To, ga inda gizo ke saƙa. Jiya takarda ta iso, an kira ni ganawa a Rajshahi don kujerar shugabar makarantarmu, wannan Larabar da ƙarfe goma. Kin san shekara shida nake jiranta, kin kuma san da gida take zuwa, a bar hawa keke cikin taɓo kullum. Na roƙi a ɗaga mini rana, suka ce a'a.

Surukinki, maigidana Mokbul, dariya yake mini. Ya ce, "Malama, ranar da ke gasa miki ƙeya kullum kyauta, ita za ki bi awa bakwai a mota don ki ga ta ɓace?" Mahaifiyarsa kuwa, wadda muke kira Amma, cewa ta yi in zauna in yi sallar husufi kamar kowa, kada kuma in yanka kifi ranar.

Ki ba ni shawara. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Hosne Ara

Naogaon, 19 ga Yuli

Apa,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Wasiƙarki ta iso, na karanta sau uku. Gaskiyarki, damina ce, zan iya zuwa in tarar da hadari in dawo ba tsuntsu ba tarko. Har na goge sarina, shuɗin zanen nan na ganawar, na rataye.

Shekaranjiya na hau keke zuwa tasha don in sayi tikitin Rajshahi. Da na kai gaban mai tikitin, sai na ji bakina ya ce Panchagarh. Wallahi raina fes, kamar yarinya ranar Idi.

Da na nuna wa Mokbul, ya yi ta juya tikitin a hannu har shayinsa ya huce. Gidan nan da ke zuwa da kujerar, ya fi ni sonsa, saboda ɗakin Amma yana yoyo. Can ya ce, "Ɗaya kika saya? Wa zai riƙe miki lema?" Apa, zai rufe shagon takinsa kwana biyu, ana tsakiyar dashen shinkafa. Ya ma karɓo mana baƙin gilashi biyu wurin masu walda.

Kada ki yi fushi da ni. Ki dai roƙa mana Allah ya yaye hadari.

Taki,
Hosne Ara

Naogaon, 27 ga Yuli

Apa abin ƙaunata,

Ina gaishe ki, ina fata kowa lafiya. Mun dawo lafiya.

Mun wayi gari a filin ƙwallon Panchagarh cikin dubban mutane, sama kuwa a haɗe kamar murfin tukunya. Na zauna a kan jakata na kasa kallon Mokbul. Shi kuma yana ta ɓare mini dafaffen ƙwai, yana cewa, "Ci, ko gajimare ne sai mun kalla, tunda mun zo."

Ana saura kaɗan sai hadarin ya tsage. Iska mai sanyi ta taso, hankaki suka nufi bishiyoyi, haske ya koma wani iri. Sai duhu ya faɗo gaba ɗaya. Na cire gilashin. Baƙin faifai ne a sama, farin haske yana zuba ta gefensa kamar gashi, ga tauraro a fili da ƙarfe takwas na safe. Wasu na kabbara, wasu na ihu. Na shirya bayanin da zan yi wa Mokbul daki-daki, sai duk ya ɓace mini. Da na waiwaya, hawaye ne a gemunsa. Har yau yana cewa yayyafi ne.

Kujerar kuwa ta tafi. Malam Sirajul, mai koyar da lissafi, aka ba. Ba zan ɓoye miki ba, na yi kuka a kicin, kuma da na ga Amma tana tara kwano a ƙarƙashin yoyo sai kunya ta kama ni. Mokbul ya ce bayan girbi zai sauya kwanon rufin.

Yau Malam Sirajul ya aiko in same shi a ofis. Na shiga ina jiran faɗa kan kwana biyun da na yi fashi. Ya tura ƙofa, ya ja mini kujera, ya ce a hankali, "Ina cikin motar Rajshahi aka yi husufin, ban ma leƙa taga ba, ina bitar takardu. Malama, ba ni labari tun daga farko, kada ki tsallake komai."

Har aka buga ƙararrawar tashi ina magana.

Ki gaida maigida da yara.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Hosne Ara