Sanarwa Mai Hatimi

Yaya Sada,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Anti Jamila da yara? Inna na gaishe ka, ta ce ka yi wuyar gani.

Na ji makarantar Hajiya Rabi ta Ƙofar Sauri na neman mai koyar da Hausa, kuma an ce kai ka gina masu shafin intanet. Jiya na shiga. Ka san tun da na makance wayata ke karanta mani komai da murya. To ina kaiwa kan sanarwar sai ta ce "hoto", ta yi shiru. Wurin da ake latsawa a nemi aikin ma haka. Nafisa maƙwabciyarmu ta duba, ta ce takarda ce aka buga wa hatimi, aka ɗauki hotonta a karkace aka liƙa. Don Allah ka maida shi rubutu. Ranar Juma'a za a rufe, ni kuwa ina son aikin nan.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Lailatu

*

Lailatu,

Wa'alaikumus salam. Duk muna lafiya, ki gaida Inna.

Ba laifina ba ne. An taɓa yaɗa sanarwar ƙarya da sunan makarantar, tun daga nan Hajiya ta ce ba abin da zai hau shafinta sai takarda mai hatimi da sa hannunta. Ni ɗan aike ne. Amma me ya yi zafi? Turo mani takardunki in cike maki, har in yi mata magana a kanki. Ai naka sai naka.

Sai na ji ki.
Sada

*

Yaya Sada,

Bayan gaisuwa. Wallahi amsarka ta ɓata mani rai. Ni ban roƙe ka alfarma ba, gyara na ce ka yi.

Ranar ganawa Hajiya za ta tambaye ni yadda makauniya za ta riƙe aji. Da wane baki zan amsa, alhali neman aikin ma yi mani aka yi? Sannan Indo ta Ƙofar Guga, wadda muka yi makarantar makafi tare, ita ma tana so, kuma ba ta da yaya mai gina shafi. Ita wa zai cike mawa?

Ban ce ka cire hatimin ba. Bar mata abinta, ka rubuta abin da takardar ta ce a ƙarƙashi, ka sa wa kowane wurin latsawa suna. Idan Juma'a ta iske shafin yadda yake, na haƙura da aikin, amma zan ɗauko sandata in tsaya ƙofar makarantar lokacin tashi, Hajiya ta karanta mani takardarta da bakinta gaban iyayen yara. Ka san hali.

Allah Ya bar zumunci.
Lailatu

*

Lailatu,

Ina gaisuwa. Na san hali, shi ya sa na samu Hajiya. Ta ce a'a, wai rubutu kowa na iya kwafa, ta ƙara da cewa dama makauniya ba ta nema ba. Wannan maganar ce ta tsaya mani a rai. Na rubuta komai ƙarƙashin hoton, ban kuma sake neman izininta ba. In ta karɓe aikin shafin, ta karɓe.

Yau Alhamis, har yanzu ban ga takardarki ta shigo ba. Ta Indo kam ta shigo. Gurbi ɗaya ne fa, kin sani.

Yayanki, Sada

*

Yaya Sada,

Gaisuwa da godiya. Na sani, ni na kira Indo.

Na tura tawa yanzu. Bayan na tura wayar ta karanta mani, na ji na birkita haruffan sunan unguwarmu, na rubuta "Marsua". Na san kana iya shiga ka gyara. Kada ka taɓa, kuskurena ne.

Taka, Lailatu