Ni na ba da karen Malama Rifkatu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin ki taimaka ki ɓoye sunana, akwai maƙwabtana a group ɗin nan. Don Allah ku ba ni shawara, ku yi haƙuri da rubutuna, ban yi nisa a boko ba.

A unguwar Nasarawa ta Kaduna nake zaune da maigidana da yaranmu, ni ba mai fita ba ce, daga kicin sai tsakar gida. Yarana suna wata makarantar kuɗi can bayan Kudenda, bakin daji. Watan jiya masu farautar gafiya suka cinna wa ciyawa wuta da rana tsaka, iska ta kwaso ta, ta cinye ɗakunan malamai da na maigadi ƙurmus, Allah dai Ya kiyaye ba a rasa rai ba. Aka kira taron iyaye, wani ya kawo masara, wani katifa, wasu zannuwa, coci da masallaci kowa ya yi ƙoƙari. Ni kuma da bakina ba ya shiru na miƙe na ce ina da ɗaki babu kowa, Malama Rifkatu ta taho da duk abin da wuta ta bar mata. Ita ce malamar ajin Ummina, 'yar Filato ce, mijinta ya rasu, ba ta da kowa a Kaduna. Aka yi ta min tafi ana sa min albarka, alhali ko maigidan ban tambaya ba.

Ashe abin da wuta ta bar mata bokiti ne da kare. Soja sunansa, ƙafarsa ɗaya duk ta ƙone. Ta ce ranar gobarar zazzaɓi take yi, ta sha magani barci ya ɗauke ta, shi ya yi ta haushi yana jan zaninta har ta farka ta ga hayaƙi.

Maigidan bai ƙi baƙuwa ba, har cewa ya yi na kyauta, amma ya rantse kare ba zai zauna masa inda yake sallah ba. Na ɗaure shi bayan banɗaki, ranar nan ya kwance ya sa baki a butar alwala, ranar kam na sha faɗa. Ga maƙwabta, ni kuma kunnena ba ya barin magana ta wuce, ta katanga na ji wata tana cewa Maman Ummi an koma kiwon kare, sai a gaya mana ranar suna mu yi anko. Ƙarshe maigidan ya ce in gaya wa Malama ko kare ya fita ko su fita tare. Na kasa. Da wane baki, bayan cika bakin da na yi gaban mutane?

Ranar Lahadi da ta tafi coci a Unguwar Romi, na kira Oga Emeka, bakanike ne a Kakuri, shi ke gyara wa maigidan Keke, na taɓa jin ya ce yana neman karen gadin gareji. Ya zo ya tafi da shi. Da ta dawo na ce mata igiya ya tsinke ya gudu, har da taya ta leƙa lungu.

Wallahi tun ranar ban ƙara cin abinci da daɗi ba. Kullum aka tashi makaranta sai ta biya ta kangon da ya ƙone tana kiran Soja, wai ƙila gida ya koma. Ta shigo ƙafa duk toka, ta zauna ta yi wa yarana lesin kyauta, in an ci nama ta ƙulle ƙashi a leda ta ajiye masa. Shekaranjiya ta riƙe hannuna ta ce, "Maman Ummi, ki sa min shi a addu'arki, ke mai zuciya ɗaya ce, Allah zai ji ki." Na ce to, na shige kicin kamar hayaƙi ne ya shiga min ido.

Yau da safe Oga Emeka ya bugo, wai karen ya ƙi cin komai, ciwon ƙafar ya fara wari, in zo in ɗauki kayana kafin Asabar ko ya ba duk wanda ya samu. Na gaya wa maigidan, ya ce in ja bakina in yi shiru, za ta manta, kare ne fa. Ni na san ba za ta manta ba.

In na faɗa mata, dole ta kwashi bokitinta ta bi karenta, kuma ba ta da inda za ta kwana, ga makaranta duk za a ji abin da na yi. In na yi shiru ya mutu a gareji tana can tana kiransa cikin toka. Don Allah iyayena da yayyena, in faɗa mata ko kuwa? In kuma faɗa zan yi, ta ina zan fara, matar da har yanzu take ce min mai zuciya ɗaya?