Yarinyar Cikin Tulu da Kawu Biyu

Litinin, 3 ga Maris

Wai wa ya naɗa Mai Laburare alƙalin abin da yara za su karanta? Ta ware kanta guda ta ce littattafan almara ne da ba sa tsufa. Na duba kaf, babu nawa. Littafin da na karanta sau ba adadi a bayan shagon gyaran fanka, ba malami, ba kowa, mai taswira da dauloli da yaƙin dodanni! Kuma ɗan Baffa, Mai Digiri, shi ta ɗauka ya riƙa karanta wa yara ran Asabar.

Asabar, 8 ga Maris

'Yar Yaya ta je. Ta dawo tana "Kawu ya ce, Kawu ya ce." Shi ma Kawu ne yanzu. Ni da na koya mata baƙaƙe da jikin kwalin batir.

Laraba, 12 ga Maris

Na zaunar da ita na buɗe nawa. Ban gama jero sunayen sarakunan ba ta ce, "Kawu, wanne ne yaron a ciki?" Na ce babu yaro. Ta ce, "To ni wa zan bi?" Ta zame ta tafi wajen kyanwa. Yaya tana shara tana dariya, wai ko ita da girmanta taswirar nan hamma take sa ta.

Asabar, 15 ga Maris

Na je, na tsaya bakin taga. Kayan gyara na kai kusa da wurin, shi ya sa. Ɗan siririn littafi ne a hannun Mai Digiri, bangonsa ya sha gam. Wata yarinya ta shiga tulu ta tarar da kogi, tana neman ƙanenta da kifi ya ɗauke. Mai Digiri ko muryar kifin bai iya ba, karatu yake kamar mai sanarwa. Amma yaran ko tari babu. Da ya rufe, wata ta ce a sake.

Na tare shi na ce wannan ai tatsuniya ce, ba littafi ba. Ya ce, "Karanta tukuna, Injiniya." Injiniya. Da gangan.

Talata, 18 ga Maris

Na aro littafin tulun. Don in kama kuskurensa.

Juma'a, 21 ga Maris

Yarinyar tulun ta dawo da ƙanen gida, amma ya manta sunanta, kullum sai ta sake gaya masa. A nan aka tsaya. Garin karatu na bar fankar maigidana a buɗe a shago har ya yi mini tsawa. Wannan ne ya dace da yara? Nawa da kowa ya koma gida lafiya shi ne bai dace ba?

'Yar Yaya ta ga bangon a aljihuna, ta ce in yi mata muryar kifin. Na yi. Ta ce tawa ta fi ban tsoro.

Gobe a gaban yaran da iyayensu sai Mai Laburare ta faɗa da bakinta me ya hana nawa hawa kantar nan. Ta kuma faɗa ko wanda ya rubuta na tulun yana da wani.